Babi na Shida: Gizago a Gindin Dutsen Tamgak

Mutumin da ya tashi a ƙasar da Allah ya yalwata mata daji, inda yaro ke fita bayan gari da hantsi ya komo da ɗaurin marke ko ƙirya kafin azahar, ba lalle ne ya fahimci abin da ya sa mutanen Iferwan ke jujjuya guntun itace a hannu kamar yadda mai sayen zinariya ke jujjuya awarwaro ba, sai fa in ya taka ƙafarsa zuwa can, ya wuce Agadas da tafiyar sama da kilomita 200 ta fuskar arewa, ya shiga kwarin da garin yake kwance a cikinsa, ya ɗaga kai ya ga Tamgak tsaye a gabas, baƙi ƙirin, tsayinsa ya doshi mita 2,000, sa'an nan ya waiwaya ya ga cewa duk koren da ke wurin bai wuce siririn zare da ya bi gaɓar ƙorama ba. Ruwan saman da ke sauka a nan ba safai yake kai milimita 100 a shekara ba, mafi yawansa kuma a cikin 'yan kwanakin Agusta yake zuba. Itacen da ya yi kaurin cinyar mutum a wannan ƙasa ya ga haihuwar kakanni, don haka duk wanda ya kawo sha'awar sassaƙa ko ta gyaran gida zuwa Abzin, wajibi ne ya fara da sanin cewa abin da zai ɗora wa kaifi ya girme shi.

Ko Turawan farko da suka yi zango mai tsawo a garin sun ɗanɗani wannan ƙunci. Rundunar Faransa da Foureau da Lamy suka jagoranto daga Aljeriya ta iso Iferwan a watan Fabrairu na 1899, raƙumanta suka mace, ta maƙale har wata da watanni, daga bisani ta ƙone kaya masu yawa da ta rasa abin ɗaukarsu. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya gane cewa tun fil azal duk abin da ba ƙasar ce ta tsirar da shi ba, ƙarfe ne ko katako, sai ya hau bayan dabba ko bayan mota ya sha wuyar hanya kafin ya iso hannun mai shi, kuma daga nan ne ɗabi'ar tattali ta samo asali.

Itatuwan da ake aiki da su ƙidayayyu ne, kowanne da halinsa, kuma masassaƙi na gari yana sanin su kamar yadda makiyayi ya san dabbobinsa. Akwai aduwa, wadda Abzinawa ke kira aborak, itace mai tauri da laushin fuska, wanda ba ya saurin tsagewa, shi ya sa ake fitar da cokula da ƙotoci da sassan sirdin raƙumi daga jikinsa, shi ne kuma itacen allon da yawancinmu muka fara karatu a kansa. Akwai kandili, afagag a bakinsu, wanda saiwoyinsa dogaye ake tanƙwarawa a yi bakan da ke ɗauke da bukkar tabarma, bukkar da a al'adarsu ta mace ce, da ita take shiga gidan aure. Akwai bagaruwa mai nauyi da jan ciki, akwai gawo mai sauƙin sara wanda ƙwari ke so. Tumfafiya kuwa, wadda a kudu ake rainawa, a nan tana da daraja, saboda ba ta da nauyi kuma gara ba ta cika damuwa da ita ba, sai ake jera ta a kan azara kafin a zuba ƙasa. Amma uwar gini ita ce goriba. Daga kabarta ake saƙa tabarma da igiya, daga gangar jikinta ake samun azara, kuma duk wanda ya tsaya a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsayin mita 27, wadda aka sake ginawa a 1844, ya ga kawunan itatuwan nan da suka leƙo daga jikinta jeri bisa jeri, to goriba yake kallo. Bature Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya lura da su sa'ad da ya shiga birnin a 1850.

Sassaƙa a Abzin sana'ar gado ce. Masu ita su ne inadan, ɗayansu enad, waɗanda Bahaushe ke fassarawa da maƙera alhali aikinsu ya fi ƙira faɗi, domin mutum guda shi ke narka azurfa, shi ke ƙera takobi da kwaɗo, shi ke fafe turmi da akushi, matansa kuma su ke aikin fata. A zamanin da, ɗan babban gida ba ya taɓa gizago, yana ganin abin kunya ne, ko da yake ba ya iya hawa raƙumi sai da sirdin da enad ya haɗa, matarsa ba ta iya daka sai da turmin da enad ya fafe. Ni dai ban ga wa wannan ƙyama hujja a shari'a ko a hankali ba. Malamai sun lissafa sana'o'in da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da su a cikin farillan kifaya, ya kuma inganta cewa Annabi Zakariyya, tsira da aminci su tabbata a gare shi, masassaƙi ne, Annabi Nuhu kuma da hannunsa ya haɗa jirgi. Ibn Khaldun ya ware wa wannan sana'a fasali a cikin Muƙaddimarsa, inda ya nuna cewa ba ta rabuwa da ilmin handasa, wato sanin awo da daidaiton sassa. Fari na shekarun 1973 da 1984, da aikin ma'adinai, da makaranta, sun sassauta waccan tsohuwar iyaka, har ya zama a yau ana samun malamin makaranta ko tsohon ma'aikaci da ya ajiye aiki yana da akwatin kayan aikinsa a ƙuryar ɗaki, yana ɗauko shi da la'asar don nishaɗin zuciya da biyan ƙananan bukatun gida. Da irin wannan mutum nake magana a wannan babi, kuma abu na farko da zan ce masa shi ne ya je ya gai da masu gadon abin.

Na zauna kwanaki a rumfar wani dattijo daga cikinsu, a gefen garake, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙarancin kayan aikinsa. Gatari ɗaya, gizago biyu, babba da ƙarami mai lanƙwasasshen baki na fafe ciki, wuƙa, magagari, awartaki, guduma, ƙaramar uwar maƙera da aka kafa a ƙasa, zugazugin fata, da wasu siraran ƙarafa da yake sa wa a wuta in zai huda itace ko zai yi masa zane. Duka za su shiga buhu guda. Ba shi da teburin aiki, ƙafarsa ce ke riƙe masa itace, idonsa ne ma'auninsa. Wata mata ta aiko masa da akushin nono baƙi sitik saboda tsufa da mai, ya tsage daga baki zuwa kusan tsakiya, na kuwa ƙirga faci huɗu na jan ƙarfe da farin ƙarfe da aka riga aka yi masa a baya. Na ce, "Baba, wannan ai ya gama aikinsa, me zai hana a sassaƙa mata sabo?" Bai ɗago ba, ya ce, "Malam, itacen da aka fafe wannan daga cikinsa, ka zaga kwarin nan ka nuna mini irinsa a tsaye, ni kuwa in fafe mata sabo." Sa'an nan ya ɗauki siririn ƙarfe ja daga wuta, ya huda ƙaramin rami daidai inda tsagar ta ƙare domin kada ta ci gaba, ya jera wasu ramukan a gefe da gefe, ya ɗinke da waya, ya yanko ɗan fallen tagulla ya rufe, ya kafe shi da ƙananan ƙusoshin da ya yanka da kansa. Da ya gama, facin na biyar ya zauna tare da 'yan'uwansa har ka ce ado aka nufa da shi tun farko.

Wannan rami da ake hudawa a ƙarshen tsaga shi ne darasi mafi amfani da na taɓa samu a aikin itace, kuma yana aiki a ƙyaure da turmi da kwano da ruwan zarto baki ɗaya, domin tsaga tana tafiya ne da tsininta, in aka mayar da tsinin nan da'ira sai ƙarfin da ke tura ta ya watsu, ta tsaya.

To, mai sha'awa ba zai tsaya ga gizago kaɗai ba, zai so zarto, da magogin katako, da abin huda, da sauran kayan kafinta, kuma da yake sababbi na ƙwarai suna da tsada, sababbi masu araha kuma sau da yawa ƙarfensu kamar gwangwani yake, hanyarsa ba ta wuce kasuwar gwanjo ta Agadas ko ta Arlit. Ra'ayina, wanda na daɗe a kansa, shi ne tsohon ƙarfe na kirki ya fi sabon banza nesa ba kusa ba, da sharaɗin mai saye ya san abin da yake dubawa. Kada tsatsa ta firgita shi, domin ja-ja-jan da ke bisa fuska yashi da ɗan mai suna kawar da shi cikin sa'a guda, a ƙasar da iska ta bushe kamar Abzin ma ba ta cika yin zurfi ba. Abin gudu shi ne tsatsar da ta ci rami kusa da kaifi, wadda kome aka wasa sai ta bar giɓi. Ya rataya ruwan gatari ko na gizago da zare ya ƙwanƙwasa shi da wani ƙarfe: lafiyayye yana amo mai tsawo, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Ya riƙa yawo da ɗan magagari a aljihu, ya goga shi a bakin kaifin da izinin mai kaya, in ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar ana kankare sabulu, to ƙarfen ya yi laushi, wataƙila ya taɓa shiga gobara ko an ƙone shi a injin washi, alamar haka kuwa shuɗi-shuɗin da ke bayyana a baki. Zarto kuma a ɗaga shi daidai ido a hango tsawonsa, a tabbata bai karkace ba, a ƙirga haƙoran da suka zube, a ɗan lanƙwasa shi a saki a ga ko zai koma yadda yake. Akwai zaratan zamani da aka ƙona bakin haƙoransu suka yi baƙi don su daɗe da kaifi, waɗannan magagari ba ya kama su, ranar da suka dakushe sun mutu ke nan, saboda haka wanda ke nesa da kanti ya nemi irin na da wanda ake wasawa.

Ni kaina an taɓa sayar mini da babbar matsa ta ƙarfe, irin wadda ake kafawa a teburi ta riƙe aiki, aka shafe ta da baƙin mai da fenti, na kai ta gida bayan tafiyar yini, ran da na fara ɗaure ta da ƙarfi ta rabe biyu daidai inda aka taɓa yi mata walda aka ɓoye. Ban koma ba, don kuɗin mota ya fi kuɗinta. Shari'a ta ba mai saye haƙƙin mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, ta kuma haramta algus, amma haƙƙin da ke bayan kilomita ɗaruruwa wuyar karɓa gare shi, don haka duk ƙarfen da aka yi wa sabon fenti a kasuwar tsofaffin kaya a kankare shi a gani tun ana gaban mai shi.

Akwai kuma tsofaffin ƙarafan da ake saye domin a mayar da su wani abu dabam, a nan ne zumunci da maƙeri ke da riba. Magagarin da ya cinye har ya yi santsi, wanda ɗan gwangwan zai bayar a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ƙarfe ne mai tauri ƙwarai, maƙeri zai fitar da wuƙar sassaƙa ko abin fafe rami daga jikinsa. Faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota a kan ƙafafunta, wanda makanikai ke kira sifirin, daga gare shi ake samun gizago da gatari masu riƙe kaifi. Sirrin yana wurin ba ƙarfen ruwa bayan an ƙera shi, da sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi, wannan kuwa ilmi ne na ido da launin wuta, ban shawarci mai koyo ya yi gaggawar shiga cikinsa ba. Ya kai ƙarfensa, ya faɗi abin da yake so, ya biya ladan aiki ba tare da ƙwauro ba.

Wajibi ne in tsaya a kan wani al'amari da ya keɓanci wannan yanki, wanda ya fi tsatsa da algus hatsari. Arlit, wadda ita ce babbar kasuwa mafi kusa da Iferwan ta yamma, garin yuraniyom ne: kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK ya bi baya a 1978 har zuwa rufe shi a ƙarshen Maris na 2021. Shekara da shekaru tarkacen ƙarfe na fita daga wuraren haƙar zuwa hannun 'yan kasuwa, mutane suna yin ƙyamare da rufi da kayan girki da su. Masu bincike na ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa a 2003, da na Greenpeace a 2009, sun auna wasu daga cikin irin waɗannan ƙarafa da ake sayarwa a garin, suka tarar suna fitar da tururin nan mai cutarwa wanda ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinsa, wanki kuma ba lalle ya raba shi da ƙarfen ba. Ƙungiyar Aghirin'man ta 'yan garin ta daɗe tana faɗakarwa a kan haka. Hukuncina a nan ba shi da sassauci: bututu, ko fallen ƙarfe, ko tanki, musamman mai busasshen ɓawo a cikinsa, wanda mai sayarwa ba zai iya faɗin inda ya fito ba, kada a saye shi, kada a yi indararo da shi, kada a ɗora shi a kan ɗakin da yara ke kwana, balle a kai wa maƙeri ya hura masa wuta yana shaƙa. Kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya a jerin abubuwan da shari'a ta zo don ta tsare.

Kayan lantarki na hannu, irin su injin huda da na yanka, sun yawaita tun da aka buɗe haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, suna kuma shigowa daga Libiya da Aljeriya. Wanda zai sayi tsohonsu ya sa a kunna a gabansa, ya sunsuna ramukan iska ko zai ji ƙauri, ya duba ko tartsatsi ya yi yawa a ciki, ya girgiza bakin ya ji ko yana rawa. Ƙura ce ajalinsu. Ban hana ba, amma mutumin da bai iya wasa wuƙa ba tukuna, kuɗinsa ya fi amfani a kan dutsen washi mai kyau.

Ƙota ita ce rabin gizago. A zaɓi reshen aduwa ko na bagaruwa busasshe wanda yake da gwiwa ta halitta, domin jijiyar itacen ta bi lanƙwasar, ba a yanko lanƙwasa daga miƙaƙƙen itace ba, wanda zai karye a sara na goma. A huda da ƙarfe mai zafi ramin da bai kai kaurin tsinin ba, a ƙarasa shigar da shi da bugu, a shafa mai a bar shi a inuwa. Kuskuren da na fi gani shi ne jiƙa ƙotar da ta saki a cikin ruwa: za ta kumbura ta kama yau, gobe iskar Abzin ta busar da ita ta fi da sakewa, wata rana ruwan gatarin ya tashi sama alhali yara suna kusa. Gyaran gaskiya shi ne a cusa siririn itace mai tauri, ko a naɗe wuyan da ɗanyar fata, wadda in ta bushe take ƙanƙancewa ta riƙe kamar ƙarfe. Da irin wannan ɗauri ake haɗa sassan sirdin nan mai ƙahoni uku a gaba da ake kira tamzak, yana kuma jure tafiyar ayarin gishiri zuwa Bilma da dawowa.

Sai mu shiga gida. Ɗakin ƙasa na Abzin yana da tsawo amma ba shi da faɗi, dalili kuwa shi ne goriba tana rabuwa biyu tun ba ta yi nisa ba, miƙaƙƙen da ake samu a jikinta gajere ne, shi ke yanke wa magini faɗin ɗaki. Ƙarfinta a bayanta yake, cikinta zare-zare ne mai laushi, magina kuma suna fifita namijinta a kan macen. Ba ta son ƙusa, tana tsagewa, ɗauri ya fi dacewa da ita. Azara ba ta cika mutuwa daga tsakiya inda ido ke gani ba, daga kai take mutuwa, wurin da aka binne shi a bango, inda laima ke taruwa gara kuma ke isowa ta cikin ƙasa ba tare da ta fito fili ba. Saboda haka maigida ya ɗauki tsinin wuƙa sau ɗaya a shekara ya bi kawunan azara ɗaya bayan ɗaya yana tsokana, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya duba ƙasa ko akwai garin itace da ya zubo, ya duba bango ko akwai siririyar hanyar laka da gara ta gina. In ya sami wadda ta ruɓe, kada ya zare ta kai tsaye, domin ƙasar da ke bisa rufi nauyinta ya wuce yadda ake zato. Ya fitar da iyali da kaya, ya kafa dirka biyu a kan faffaɗan dutse ya tokare maƙwabtanta, ya hau ya rage ƙasar da ke daidai wurin, sa'an nan ya sa sabuwa a gefen tsohuwa kafin ya taɓa tsohuwar. Kan sabuwar a babbaka shi kaɗan a wuta ko a shafe shi da baƙin man mota, a ɗora shi a kan dutse, kada ya kwanta a kan laka tsirara. In azara uku ko huɗu a jere suka lalace, aikin ya fi ƙarfin mai sha'awa, a kira magini.

Akwai wata ɗabi'a da ke kashe ɗakuna a hankali, ita ce ƙara sabuwar laka a kan rufi kowace shekara ba tare da an kankare tsohuwa ba, har rufin ya yi kauri ninki biyu, azara ta lotsa, tsakiyar rufi ta zama kwari, ruwa ya kwanta a wurin maimakon ya gangara. Wanda ya ga ƙarancin ruwan saman ƙasar zai ce ina abin damuwa, amma ruwan Abzin in ya zo a fusace yake zuwa, abin da ya kamata ya sauka a wata guda sai ya sauka tsakanin la'asar da magariba, mutanen Agadas kuma ba su manta da ambaliyar farkon Satumba ta 2009 ba. Indararo shi ne ran soro. A tabbata ya zarce bango sosai, a liƙe gindinsa da kyau domin nan ne yoyo ke farawa, a ajiye dutse inda ruwan ke faɗuwa don kada ya ci tushen gini. Ƙyauren da ke jan ƙasa kuwa, kafin a kai masa zarto a duba ƙarfen da yake juyawa a kansa, galibi ramin ƙusar ne ya buɗe, in aka cusa ɗan itace a ramin aka mayar da ƙusa sai ya miƙe. Wanda ya karkace gaba ɗaya a gicciya masa katako daga kusurwar ƙasa ta wajen maƙalinsa zuwa kusurwar sama ta ɗaya gefen.

A garake ma akwai aikin itace da ke neman ɓacewa, wato takarkart, firam ɗin itace da ake kafawa a bakin rijiya da dunƙulen da igiya ke bi ta kansa, sa ko raƙumi yana ja, wasaki yana juye ruwa a kwararon da aka fafe daga gangar itace zuwa fangalin alkama da albasa. Injin ban ruwa ya ture shi a wurare da yawa. Ina roƙon wanda ya gaji irinsa kada ya sa shi a murhu, ya jingine shi a inuwa, domin ranar da mai ya yanke ko injin ya tsaya garka ba ta jira.

Tambayar da ta rage ita ce inda za a sami itacen, kuma a kanta ne Iferwan ta ba sauran ƙasashen Sahel darasi. A 1988 gwamnatin Nijar ta kafa gandun kare halittu na Abzin da Tenere, mai faɗin sama da murabba'in kilomita 77,000, hedikwatarsa a Iferwan, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991. Gawo da aduwa da goriba suna cikin itatuwan da dokar daji ta ƙasar ta kare, ba a sare su sai da izini. Masu aikin gandun, tare da ƙungiyoyin WWF da IUCN, sun lura tun a shekarun 1980 cewa rufin ɗaki yana cikin manyan abubuwan da ke cinye goriba, sai suka rungumi wata dabara da ƙungiyar Development Workshop ta fara gwadawa a Nijar a garin Cikal a 1980, wato gini ba da itace ba. Asalinta daga Nubiya ne a kudancin Masar, inda mashahurin mai zanen gini Hassan Fathy ya farfaɗo da ita a shekarun 1940: ana jera ƙananan tubala a karkace, kowane layi yana jingine da na bayansa, har su haɗu su zama ƙubba ko doguwar baka, ba azara, ba ƙarfe, ba siminti. Aka gina ofisoshi da gidaje da ita a Iferwan, aka horar da magina 'yan ƙasa, shirin kuma ya karɓi lambar yabo ta duniya kan muhalli a 1998. Bahaushen da ya san ɗaurin guga ba zai ga siffar baƙuwa ba, bambancin shi ne namu yana da azara a ɓoye cikin laka, wannan kuwa ƙasa ce zalla. Tana da nata sharaɗin: bango mai kauri da zai tare turin ƙubba, magini wanda ya koya a hannun gwani, da yaɓen da ake sabuntawa a kan kari, musamman a kwarin da ke tsakanin ƙubba biyu inda ruwa ke bi. Wanda zai gina sabon ɗaki a wannan ƙasa, ina ganin ita ce ta fi cancanta ya fara tambaya a kanta.

Mai sassaƙa don sha'awa kuwa, abin da ya halatta gare shi yana da yawa in ya buɗe ido: reshen da iska ta karya, kututturen da ƙorama ta tumɓuke ta yar bayan ruwa, tsohuwar azarar da kanta kawai ya ruɓe tsakiyarta na nan garau, akwatunan katako da kaya ke zuwa a ciki, taɓaryar da ta karye wadda za ta ba da ƙota biyu. Ya tambayi mai garka kafin ya ɗauka, ya tambayi ma'aikatan daji in abin a cikin gandu yake, ya bar ɗanyen itace a tsaye. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka, ya kai mai karatu, in watan Yuni ya kama, ka jingina tsani ka hau rufinka da tsinin wuƙa a hannu, abin da ka tarar ya fi ƙarfinka kuma ka ɗauke shi zuwa rumfar maƙeri, ka yi sallama, ka nemi wuri ka zauna har ya gama.